Salim Ali: Marayan da harbin gwara ya mayar da shi uban nazarin tsuntsaye a Indiya

Idan aka ambaci Indiya, finafinai ne ke fara zuwa a ran mutane da dama. Sai dai ƙasar ta haifi wani mutum da ya yi sama da shekara 50 yana bin daji da fadama da tabarau mai hangen nesa da littafin rubutu, yana nazarin tsuntsaye. Sunansa Salim Ali.

An haife shi a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, ranar 12 ga Nuwamba, 1896, a gidan Musulmi. Shi ne auta cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara ɗaya, mahaifiyarsa kuma yana da shekara uku, sai riƙonsa ya koma hannun kawunsa, Amiruddin Tyabji.

Yadda abin ya fara

Yana yaro, ya harbo wata gwara da bindigar iska, sai ya ga ɗigon rawaya a wuyanta. Tambayar sunanta ce ta kai shi ofishin ƙungiyar nazarin halittu ta Bombay, BNHS, inda sakatarenta W. S. Millard ya gaya masa nau'inta, ya kuma nuna masa tarin tsuntsayen da aka busar aka adana. Daga nan sha'awar ta kama shi.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya yi shekaru a Bama yana kula da harkar katako da ma'adinai ta danginsa. Da ya dawo gida ya nemi aiki a hukumar nazarin dabbobi ta Indiya, aka hana shi saboda ba shi da digiri. A 1926 ya samu aikin yi wa baƙi bayani a gidan tarihi na Bombay, daga baya ya tafi Balin ta Jamus ya ƙaro ilimi a wajen Farfesa Erwin Stresemann. Da ya dawo a 1930, sai ya tarar an soke gurbin aikinsa.

Abin da zaman kashe wando ya haifar

Rashin aiki ya sa shi da matarsa Tehmina suka koma ƙauyen Kihim da ke bakin teku. A can ya shafe watanni yana lura da wani tsuntsu mai saƙa sheƙa da ake kira baya. Ya gano cewa namiji ne ke fara saƙar, mata su zo su duba. Idan wata ta amince, sai ya ƙarasa mata, ya wuce ya soma wata sheƙar don jawo wata macen.

A zamanin, galibin masana sun fi damuwa da harbo tsuntsu, a auna shi, a raɗa masa suna. Salim Ali ya fi son sanin abin da tsuntsu ke ci, inda yake kwana da kuma irin dajin da ba zai rayu ba sai da shi. Da wannan tunanin ya zagaya masarautun Hyderabad, Travancore, Cochin, Gwalior da Bhopal, sarakunansu na ɗaukar nauyin binciken. Tehmina ta raka shi tafiye-tafiye da yawa har rasuwarta a 1939.

A 1941 ya fitar da The Book of Indian Birds, wanda ya kai ilimin tsuntsaye hannun talakawa. Daga baya shi da Ba'amurke Dillon Ripley suka rubuta kundi mai juzu'i 10 kan tsuntsayen Indiya da Pakistan.

Gwagwarmayar kare fadama da daji

Binciken ya nuna masa cewa idan aka rasa mazauni, tsuntsu ma ya tafi. Fadamar Bharatpur da ke jihar Rajasthan wurin farautar sarakuna da Turawan mulki ce. A 1938, tawagar Lord Linlithgow ta harbe tsuntsaye sama da 4,000 a rana ɗaya. Salim Ali na cikin waɗanda suka matsa har aka mayar da ita wurin da doka ta kare. A can ne ma'aikatansa suka riƙa sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, aka kuma tsinci wasu zobban a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, abin da ya tabbatar da nisan ƙaurar da suke yi.

Haka kuma ya sa baki lokacin da aka so gina madatsar ruwa a dajin Silent Valley na jihar Kerala. An fasa aikin, aka ayyana dajin gandun ƙasa a 1984.

Indiya ta karrama shi da lambar Padma Bhushan a 1958 da Padma Vibhushan a 1976, aka kuma naɗa shi ɗan majalisar dattawa a 1985. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 1987, yana da shekara 90, bayan fama da ciwon daji.

A yau fadamar Bharatpur na cikin wuraren tarihi na UNESCO, amma takan yi fama da ƙarancin ruwa, kuma wani farin tsuntsu mai dogon wuya da ke zuwa daga Saberiya ya daina sauka a cikinta tun farkon shekarun 2000.