Tarihin Mortimore, Masanin Labarin Ƙasa

An haifi Michael Mortimore a 1937, ya yi karatu a Ingila. A 1962 ya sauka Zariya yana karantar da labarin ƙasa, sa'an nan ya komo Jami'ar Bayero ta Kano a 1979. A zamanin nan masana da yawa suna cewa yawan jama'a ke kashe ƙasa. Shi kuwa ya zaga karkarar Kano, ya ga jakuna suna kawo itace birni, su koma da taki, manomi yana renon gawo da ɗorawa, yana noman gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Saboda haka ya yi ta jan hankalin mahukunta, kada su raina dabarar talaka, su ƙarfafe ta. Ya rasu a 2017. Tamat.