Tarihin Dorugu, Yaron Da Ya Kai Harshen Hausa Ƙasar Ingila

A cikin shekarar 1912 wani dattijo ya rasu a Nasarawa ta Kano, bayan ya yi 'yan shekaru yana koyar da karatun boko a makarantar Ɗan Hausa. Ba kowa ne cikin almajiransa ya san irin duniyar da tsohon nan ya gani ba, domin kuwa tun kafin a haifi iyayen yawancinsu ya riga ya shiga Tambutu, ya ƙetare Sahara, ya kuma zauna a Ingila shekara da shekaru. Sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance, arewa da Daura, a cikin ƙasar da yanzu take Jamhuriyar Nijar. Wanda duk ya san ƙasar Kunci da Kazaure ya san irin ƙasar da ya tashi a cikinta, watau ƙasar jigawa ta gero da dawa da wake, ƙauye kusa da ƙauye. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin Barno, hare-haren neman bayi kuwa ba su barin talakan karkara ya yi barci da ido biyu. Dorugu bai wuce shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba aka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa, babban birnin Barno a zamanin Shehu Umar, ya zama abin sayarwa daga wannan hannu zuwa wancan.

A Barno ne Allah ya haɗa shi da waɗansu Jamusawa biyu waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko binciken ƙasa, watau Dokta Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da abokinsa Adolf Overweg. Shi Overweg ne ya fanshi Dorugu tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Ba a daɗe ba Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi cikin watan Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth. 'Yancin da Dorugu ya samu bai mai da shi gida ba, domin yaron da ya kama hanya shi kaɗai a wancan lokaci ba zai yi nisa ba za a sake kama shi. Saboda haka sai ya bi ubangidansa.

A cikin watan Nuwamba na 1852 suka tashi daga Kukawa suka nufi yamma. Suka bi ta Damagaram da Katsina, suka isa Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sa'an nan Gwandu wurin Sarki Halilu, suka ƙetare Kwara a Sayi, har suka shiga Tambutu cikin watan Satumba na 1853. Sun yi watanni a can cikin ɗar-ɗar, ba don kariyar Shehu Ahmad al-Bakkay ba da wuya su fito da rai. Daga nan suka juyo, suka sauka Kano a 1854, suka koma Kukawa. A 1855 suka ratsa Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Faransa, suka isa Landan cikin watan Satumba. A lokacin Dorugu bai wuce shekara goma sha shida ba.

Barth ya kai su Jamus, sa'an nan suka komo Ingila da niyyar a mai da su Afirka. Sai wani malamin mishan, James Frederick Schon, ya ji labarinsu. Shi wannan mutum ya daɗe yana nazarin Hausa, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, abin da ya koya daga bakin 'yantattun bayi ne a Saliyo. Samun Bahaushe haifaffe a ƙofar gidansa ya zame masa tsintuwar guru a cikin suɗi. Ya ɗauki samarin biyu zuwa gidansa a garin Chatham. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya ma har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

A cikin wannan zama ne Dorugu ya ba da tarihin rayuwarsa da Hausa, Schon yana rubutawa. Ya fara tun daga ƙauyensu da iyayensa, da yunwa da hari, da ranar da aka kama shi, ya bi da tafiye-tafiyensa, har ya zo kan abin da idonsa ya gane masa a Turai. A wancan ƙarni Bature ne yakan zo ya dubi baƙar fata ya rubuta al'adunsa. Dorugu ya juya al'amarin, ya dubi Turawa da idon Bahaushe. Ya kwatanta sanyin ƙasar, da jirgin ƙasa, da tufafin matansu, ya kuma yi dogon bayani a kan liyafar cin abinci ta manyan Ingila, tun daga shigowar baƙi da yadda ake jera su maza da mata, har zuwa lokacin da mata za su tashi su bar maza a tebur. Bai raina su ba, bai kuma ruɗe da su ba.

Amma zaman ƙasar wani yana da tsada. An yi wa Dorugu baftisma aka sa masa suna James Henry, ya koyi karatu da rubutu da Turanci, ya girma a tsakanin mutanen da ba su jin harshensa sai mutum guda, shi ma don aikinsa yake ji. Ya bar gida yana bawa, ya komo yana baƙo. Schon ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa ne tarihin Dorugu da tatsuniyoyinsa suka fito. Jami'ar Oxford ta girmama Schon da digirin dokta a 1884. Shi kuwa wanda Hausar ta fito daga bakinsa ba a ba shi komai ba, ko da yake da maganarsa ce Turawa da yawa suka fara koyon harshen.

Bayan komowarsa Dorugu ya yi aikin tafinta ga Turawa daban-daban. Da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, sai aka ɗauke shi cikin malamanta, domin masu iya rubuta Hausa da boko ba su da yawa a lokacin. A nan ya ƙare kwanakinsa, tafiyar 'yan kwanaki kawai daga ƙauyen da aka haife shi.

A 1971 waɗansu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara tarihinsa da Turanci suka buga, duniya ta sake jin sunansa. Samarin da ke barin ƙauyukan Kano da Katsina zuwa ci-rani a Kurmi, ko neman arziki a Gana da Makka da Turai, suna da abin dubawa a rayuwar Dorugu. An raba shi da gida da dangi, har da sunan yanka, amma ba a iya raba shi da harshensa ba, kuma harshen nan ne ya hana sunansa ɓacewa.