Malam Bello Kagara, Wanda Ya Rubuta Gandoki Yana Da Shekara 43

A wannan wata za mu ba ku labarin wani malami wanda ba na cikin Ekklesiya ba ne. Musulmi ne, ɗan alkali, shi ma kuwa ya yi alkalanci. Amma mun ga ya kamata ku san shi, gama ya yi abin da dattawa da yawa a cikinmu su ke jin kunyarsa: ya zauna da girmansa ya ƙaga labari, ya rubuta, aka buga. Sunansa Malam Muhammadu Bello Kagara, littafinsa kuwa Gandoki.

An haife shi a 1890 a Kagara, cikin ƙasar Sarkin Sudan na Kwantagora. Ku mutanen Gummi da Bukkuyum da Anka, ƙasan nan ba baƙuwarku ba ce. In mutum ya yi kudu ya wuce Zuru, ya kama hanyarta ke nan. Ubansa, Malam Shehu Usman, shi ne alkalin Kagara. Yaron ya yi karatun allo da na littattafan Larabci a gida, kamar yadda 'ya'yan malamai su kan yi.

Yana da wajen shekara 11 duniya ta juya. A 1901 sojan Gwamna Lugga suka ci Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita da jama'arsa, iyayen Bello kuwa suna cikin waɗanda suka bi shi. A 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, talakawa suna barin gonakinsu suna binsa, har aka kashe shi a Burmi cikin shekaran nan. Nagwamatse kuwa Turawa sun kama shi, daga baya suka mai da shi bisa sarautarsa. Yaro ya ga waɗansu abubuwan da idonsa, waɗansu ya ji daga bakin waɗanda aka yi da su. Ya riƙe su cikin zuciyarsa har shekara talatin.

Ya riga ya zama saurayi sa'an da ya koyi boko, a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909. Ya yi koyarwa a Zariya, kana aka kai shi Kwalejin Katsina ya zama malamin Larabci da addini. A kwalejin nan ne Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A nan kuma ƙanensa ya yi, wato Abubakar Imam, wanda Malam Bello ya girme shi da shekara 21.

To, a 1933 wani Bature mai suna Dr. Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya ga an koya wa yara karatun boko amma ba su da abin karantawa domin jin daɗi. Sai ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su ƙaga labarai da Hausa, za a yi gasa, a buga waɗanda suka fi. Ya sha wuya ƙwarai kafin su gane abin da ya ke nema. A wurin malaman zamanin, alƙalami na addini ne da shari'a da tarihi da waƙoƙin wa'azi. Tatsuniya kuwa ta mata ce da yara, da dare a ke yinta, kowa kuma ya san ƙaryar Gizo ce. Ina malami mai rawani zai ɓata tawada a kan abin da bai faru ba?

Littattafai biyar suka fito daga gasan nan, aka soma buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi wanda John Tafida, mai bi daga Wusasa, ya yi tare da Dr. East, sa'an nan Gandoki. Imam da Ɓalewa samari ne 'yan shekara ashirin da kaɗan, ba su daɗe da barin benci ba. Malam Bello kuwa magidanci ne mai shekara 43, malaminsu. In samari suka yi abin dariya, a ce ƙuruciya ce. Shi ba shi da wannan mafaka. Duk da haka ya shiga gasa ɗaya da almajiransa da ƙanensa.

Shekarun nan nasa su suka ba shi abin faɗi. Littafin ya soma da wani tsoho, Gandoki, wanda yara suka kewaye shi suna so ya ba su labari. Sai ya ɗauko yaƙe-yaƙen Kwantagora, da zuwan Turawa, da yadda aka yi da su a Bida da Kwantagora, da gudun da aka yi zuwa gabas har Burmi. Samarin da suka shiga gasar ba a haife su ba sa'an da aka yi waɗannan abubuwa. Malam Bello ya san sunayen garuruwa da na sarakuna, ya san kayan doki da na yaƙi, kirarin mayaƙa kuma yana cikin kunnensa tun yana yaro. Wanda ya karanta kashin nan da ƙarfi a gaban jama'a zai ji Hausa mai nauyi, irin wadda ba a koyonta a aji.

Daga nan labari ya sake kama. Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka wuce gabas, suka faɗa ƙasashen aljannu da dodanni, suna yaƙi suna cin nasara ko'ina. A ganinmu kashin nan bai kai na farkon ba. Inda Malam Bello ya bar abin da ya sani, nan hannunsa ya yi sauƙi. A ƙarshe jarumin ya komo gida ya tarar an daina yaƙi, Turawa suna mulki, yara suna zuwa makaranta. Wato ya komo cikin duniyar da mai littafin kansa ya ke cin abinci a cikinta.

Akwai abin da ba za mu ɓoye muku ba. Gandoki jarumin Nagwamatse ne, Nagwamatse kuwa an san shi da kai hari da kamun bayi. Mutanen da littafin ya ke kira arna, waɗanda a ke ƙone garuruwansu a yi alfahari, su ne Gwarawa da Kambari da maƙwabtansu, kakannin mutane da yawa waɗanda mu ke zama da su a majami'a ran Lahadi. Malam Bello ya ba da labari daga bisa doki, gama a wannan gefe aka haife shi, ya kuwa faɗe shi da gwaninta. Na waɗanda suka hau duwatsu suka ɓuya, da matan da aka raba da 'ya'yansu, ba ya cikin littafin. Yana bakin tsofaffinmu, waɗanda suka ji daga kakanninsu, kowace shekara kuwa muna binne waɗansu daga cikinsu.

Mun san abin da ya ke hana dattawan Ekklesiya. Shi ne dai abin da ya hana malaman 1933: tsoron kada ƙagaggen labari ya zama ƙarya, mai bi kuwa ba ya ƙarya. Amma ku duba 2 Sama'ila sura 12. Sa'an da Dauda ya yi zunubi, annabi Natan ya zo masa da labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa guda, labarin nan ne kuwa ya sa sarki ya yanke wa kansa hukunci. Ubangijinmu Yesu ma da misalai ya koya wa taro, ba kuwa wanda ya taɓa neman sunan garin ɗan nan da ya ɓatar da gādonsa. Maƙaryaci yana so a ruɗu. Mai misali ya sani, masu ji kuma sun sani, labari ne aka shirya domin gaskiya ta sami ƙofar shiga. A Ingila ma an yi gardaman nan. John Bunyan, mai gyaran tukwanen ƙarfe wanda ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi, ya nuna wa abokansa labarinsa na tafiyar Kirista zuwa Birnin Sama; waɗansu suka ce a buga, waɗansu suka hana. An buga shi a 1678, Bunyan yana da wajen shekara 50.

Shekara guda kafin gasar Zariya, wato a 1932, aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tun daga lokacin masu bi suna cikin waɗanda suka fi riƙon karatun boko da Hausa, amma in aka ƙirga masu ƙaga labari na farko, John Tafida kaɗai za mu nuna.

Abin da a ke tsoro bai sami Malam Bello ba. Gandoki bai rage masa girma ko kaɗan ba. Bayan ya bar koyarwa ya zama alkalin Katsina, daga baya aka naɗa shi Walin Katsina. Ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944. Ƙanensa Abubakar Imam ya fi shi suna wajen rubutu, gama shi ya yi Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wali Bello ya rasu a 1971, yana da shekara 81. Ya ga an sake buga Gandoki sau da dama, 'ya'yan almajiransa suna karanta shi a makaranta.