Samuel Ajayi Crowther, Bawan da ya Zama Bishof

Ya kamata mu tuna da waɗanda su ka riga mu cikin aikin bishara. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, baƙin mutum kamarmu, wanda ya yi aiki a bakin Kwara, wato kogin nan da ya bi ta Yamai da Gaya ya gangara zuwa teku.

An haifi Ajayi a Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, wajen shekara ta 1809. A 1821 mahara su ka fāɗa wa garinsu, su ka kama shi tare da uwarsa. Aka raba su, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har ya kai ga Turawan Fotugal masu cinikin bayi a Ikko. Amma a 1822 jiragen yaƙin Ingila su ka tare jirgin da ya ke ciki, aka kai shi Saliyo, aka 'yanta shi.

Can ya koyi karatu da sassaƙa. A 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki suna Samuel Crowther. Sa'anda aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, yana cikin ɗaliban fari. A 1841 ya hau Kwara tare da Schön, Bajamushen nan da ya yi aiki mai yawa a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa cikin wannan tafiya, aka gane lalle aikin bishara a ƙasashen nan sai da 'yan ƙasa. Aka naɗa shi limamin ikkilisiya a Ingila a 1843. A 1846 ya tafi Abeokuta, can kuwa Allah ya gama shi da uwarsa bayan shekara 25. Ita ma ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma.

A 1857 ya fara aikin mishan na Kwara, a 1864 kuma aka naɗa shi bishof a Canterbury, shi ne baƙin mutum na fari da ya sami wannan matsayi a Ikkilisiyar Ingila. Shi ne babba cikin waɗanda su ka juya Littafi Mai-Tsarki da Yarabanci, ya kuma rubuta littattafan koyon Nufanci da harshen Ibo.

Abin da mu ke so mu lura da shi musamman shi ne hikimarsa. Crowther ya zauna da Musulmi shekaru da yawa. Ya yi ma'amala da Masaba, Sarkin Bida, ya kan gaishe shi da ladabi yadda ya dace da sarki. Ya kan kai wa sarakuna da malamai Littafi Mai-Tsarki na Larabci kyauta. Tun yana malamin makaranta a Saliyo ya gane gardama ba ta kan kawo mutum wurin Almasihu ba, sai dai ta taurare zuciya. Saboda haka sa'anda aka yi masa tambayoyi a fadar Sarkin Ilori a 1872, bai zagi addinin kowa ba, bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa ba. Ya buɗe Littafi ya karanta musu amsa daga ciki, aka rabu lafiya.

Gwaji mafi zafi ya zo masa daga cikin gida. A 1890 waɗansu samarin Turawa 'yan mishan su ka zo Kwara da himma mai yawa da haƙuri kaɗan. Su ka tuhumi ma'aikatansa baƙaƙe, aka dakatar da waɗansu, aka kori waɗansu, aka ƙasƙantar da tsohon a gaban mutanensa. Bai rama da zagi ba, bai kuwa juya wa Ubangijinsa baya ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Aka naɗa Bature a gurbinsa. Sai a 2014 Babban Bishof na Canterbury ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa.

To, 'yan'uwa, mu ma muna zaune tsakanin dangi da maƙwabta waɗanda ba su bi hanyarmu ba tukuna. Suna duban yadda mu ke awo a kasuwa, da yadda mu ke biyan bashi, da yadda mu ke gaida manya. Kadan an tsokane mu, amsa mai taushi ta fi gardama. Kadan ɗan'uwa mai-bi ne ya cuce mu, kada mu bar ikkilisiya domin fushi, gama ba shi ne ya fanshe mu ba. Littafin Misalai yana koya mana hikimar ɗa ita ce murnar mahaifinsa, Allah kuwa Ubanmu ne. Mu roƙe shi irin hikimar da ya ba bawansa Crowther, domin zamanmu a gida da gona da kasuwa ya faranta masa rai. Amin.