Fada Friedrich Spee: Firist ɗin da Ya Tsaya wa Waɗanda Aka Kira Mayu

An haifi Friedrich Spee ran 25 ga Fabrairu 1591 a Kaiserswerth, bakin kogin Rhine, a ƙasar Jamus. Ya shiga ƙungiyar 'yan Jesuit a 1610, aka keɓe shi firist a 1622. Burinsa tun yana saurayi shi ne ya kai Bishara Indiya, amma shugabanninsa ba su yarda ba. Ashe Ubangiji ya tanadar masa aiki a gida.

Dukan shekarun hidimarsa sun faɗa cikin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya tashi a 1618, bai kwanta ba sai 1648. Ya fara ne a matsayin rikici tsakanin sarakunan Katolika da na Furotesta, daga baya ƙasashen waje kamar Suwidin da Faransa suka shigo. Sojojin haya suna cinye hatsin talakawa, suna ƙone ƙauyuka, yunwa da annoba kuma suna biye da su. A birnin Magdeburg kaɗai, a 1631, an hallaka mutane wajen 20,000. Wasu yankuna sun rasa fiye da rabin jama'arsu.

Ɓarnar ba ta tsaya ga jiki ba, ta shiga zukata. Tsoro ya mamaye mutane, maƙwabci ya daina amincewa da maƙwabcinsa. In amfanin gona ya lalace, ko yaro ya mutu, sai a nemi wanda za a ɗora wa laifi, a ce maye ne. Ana azabtar da wanda aka kama har ya amsa laifin da bai yi ba, ya kuma ambaci sunayen wasu, su ma a kamo su. A Würzburg da Bamberg, tsakanin 1626 da 1631, an ƙone ɗaruruwan mutane, har da yara da firistoci. Dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: bishop-bishop ne ke mulkin biranen nan biyu.

Shi kansa Fada Spee ya ɗanɗana ƙiyayyar zamanin. An aike shi yankin Peine don maido da mutane cikin Ekklisiyar Katolika bisa umarnin masu mulki, aiki ne kuwa da aka yi da tsanani. A 1629 wani ya tare shi a hanya, ya ji masa mummunan rauni a ka.

A 1631 ya fitar da littafinsa na Latin mai suna Cautio Criminalis, ba tare da sa sunansa ba. Hujjarsa a fili take: azaba ce ke haifar da mayu, domin ba wanda zai jure ta bai amsa kowace irin tuhuma ba. Ya shaida cewa cikin waɗanda ya raka zuwa wurin kisa, bai sami ko ɗaya da zai iya rantsuwa a kan laifinsa ba. Ya nemi a bai wa wanda ake tuhuma mai kāre shi, a kuma daina azabtarwa. Manya sun fusata, har aka yi tunanin sallamarsa daga ƙungiyar, amma a ƙarshe aka mai da shi Trier yana koyarwa.

A 1635 yaƙi ya shiga Trier. Fada Spee ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni, bai tambayi ɓangaren kowa ba. A nan annoba ta kama shi, ya rasu ran 7 ga Agusta 1635, yana da shekara 44. Bai ga salamar 1648 ba, amma littafinsa ya ci gaba da aiki, sannu a hankali masu mulki suka hana shari'ar maita. Har yau Katolika da Furotesta a Jamus suna rera waƙoƙinsa. An gano kabarinsa a 1980 a majami'ar Jesuit ta Trier.

'Yan'uwa cikin Kristi, mu ma mun san yadda ake nuna tsohuwa ko gwauruwa da yatsa in ciwo ya shiga gida. Ran da haka ta faru a unguwarmu, Allah ya ba mu zuciyar tsayawa kusa da wanda kowa ya guje wa. Amin.