Likita Walter Miller na Zariya (1872–1952)

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda kakanninmu suka yi sujada da shi, to, ya riƙe guminsa Likita Walter Miller, ko da bai san sunansa ba. An haife shi a Ingila a shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga mishan ta CMS domin aikin bishara a ƙasar Hausa.

Kafin ya zo nan, sai da ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango, ya zauna cikinsu yana koyon harshen daga bakin masu shi. Ɗalibanmu da ke ganin Hausa ba abin zama a koya ba ce, su lura da wannan.

A shekarar 1900 su biyar suka taso daga Ikko tare da Bishop Herbert Tugwell, suka yi watanni a hanya, suka bi ta Zariya har Kano. Lokacin nan Turawan mulki ba su ci Kano ba tukuna. Sai a 1903 sojojinsu suka biyo ta Bebeji. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya umarta su fita daga birnin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, ciwo kuma ya kori waɗansu zuwa gida. A idon mutum tafiyar ta lalace ke nan. Amma Miller ya komo, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara.

Shekaru suka yi ta wucewa, masu bi kuwa ana ƙirga su da yatsu. Sai a 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka neme shi. Su Isawa almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda ya riƙa girmama Annabi Isa cikin koyarwarsa har aka kashe shi saboda haka tun kafin zuwan Turawa, mabiyansa suka watsu zuwa wajen Ningi da waɗansu wurare. Suka kawo 'ya'yansu makaranta, da yawa suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauyen masu bi a Gimi. Murna ba ta daɗe ba. Ciwon barci ya shiga Gimi ya kashe mutane da yawa, manya da yara, har ƙauyen ya watse. Likita ne, amma maganin da ke hannunsa bai isa ba. Ni dai a ganina wannan ce jarrabawa mafi zafi a rayuwarsa, ta fi korar da aka yi masa a Kano, gama mutanen nan sun bar gidajensu ne saboda bangaskiyar da shi ya koya musu.

Babban aikinsa shi ne fassara. Ya shafe shekaru masu yawa a kanta, tare da Hausawa masu bi da suke gyara masa harshe, da ma'aikatan waɗansu mishan irin su Likita Andrew Stirrett na SIM. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kada wani ya ɗauka fassara musayar kalmomi ce kawai. Mai fassara dole ya tsaya ya zaɓa. Bahaushe yana da kuskure, yana da laifi, yana da zunubi. Kuskure ba da gangan ake yinsa ba. Laifi kuwa, in ka yi wa maƙwabcinka, dattawa za su iya sasanta ku, ko alƙali ya ci ka tara a wuce wurin. Zunubi ya fi su zurfi, domin tsakanin mutum da Allah yake, yana kuma zaune a zuciya ko ba wanda ya gani. In aka sa kuskure inda ya kamata a sa zunubi, mai karatu zai ga ba ya bukatar Mai Ceto, gyaran hali kaɗai ya ishe shi. Haka nan alheri: kalma ce ta kasuwa da ta gida, abin da aka yi maka ba don ka biya ba. Da aka ɗauke ta domin bayyana abin da Allah ya yi mana cikin Almasihu, ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane. Kalmomin nan su ne har yau a bakin masu wa'azi daga Kiru zuwa Doguwa, ko da yake an yi sababbin fassarori daga baya.

Shi kansa Miller ba waliyyi ba ne, ba kuwa amfani a ɓoye. Mutum ne mai zafin rai, mai wuyar sauka daga ra'ayinsa. Ya yi ta sa-in-sa da Turawan mulki, wani lokaci a kan gaskiya, domin ba ya iya yin shiru in ya ga ana zaluntar talaka. Amma har da abokan aikinsa na mishan bai cika jituwa ba. Da aka yanke shawarar fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, wajen 1929, bai so ba. Wusasar nan da bai so ba kuwa ita ce ta zama gidan majami'ar St Bartholomew da asibiti da makaranta.

Daga cikin yaran da suka tashi a makarantar mishan ɗin akwai Likita R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma.

Miller bai taɓa yin aure ba. Ya bar aikin CMS wajen 1935, ya zauna a Kano, yana koyarwa yana rubuce-rubuce a kan halin da Nijeriya take ciki, yana kuma sukar mulkin 'yan ƙasarsa a fili. Bai zaɓi ya ƙare kwanakinsa a Ingila ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara 80.