Marigayi Dokta Louis Hamman, Likitan Da Ya Gane Iska A Tsakiyar Ƙirji

Wanda ya ji sunan Hamman zai zaci mutumin Adamawa ne, alhali kuwa Ba'amurke ne. An haifi Louis Hamman a birnin Baltimore na ƙasar Amurka a 1877, ya kuma sami digirin likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1901. A asibitin jami'ar ya yi yawancin aikinsa, inda ya shugabanci sashen masu tarin fuka, ya shahara wajen gane cuta ta sauraren ƙirji.

A zamaninsa, idan mutum ya zo da matsanancin ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, akan ɗauka ciwon zuciya ne. Hamman ya lura cewa waɗansu daga cikinsu zuciyarsu lafiya lau take. Abin da ke faruwa shi ne, ƙananan jakunkunan iska na huhu su fashe saboda tari mai tsanani, ko amai, ko asma, ko yunƙurin naƙuda. Iskar sai ta sulale ta taru a tsakanin huhu biyu, inda zuciya take, wani lokaci ta hau wuya har fata ta kumbura.

Ya kuma gano alamar da ke tona asirin ciwon, wato wata ƙara kamar ana murza busasshen ganye, wadda ke tafiya daidai da bugun zuciya. A 1939 ya buga bayanin majiyyatan da ya gani a mujallar asibitinsu. Tun daga nan ake kiran alamar da ciwon da sunansa.

Amfanin wannan aiki ba kaɗan ba ne. Galibi iskar kan baje da kanta cikin 'yan kwanaki idan an huta, amma wani lokaci alama ce ta yagewar hanyar abinci, wadda ke kisa idan an yi jinkiri. Ana kuma ganin ciwon ga yara masu ƙyanda. Saboda haka duk wanda ya ji irin wannan ciwo, asibiti ya kamata ya nufa, kamar na Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa a Kano, domin a saurari ƙirjinsa a kuma ɗauki hoto.

Hamman ya rasu a 1946, yana da shekara 68. Har yau ɗaliban likitanci na koyon alamar da ya gano da kunnensa.